Oga Ayandele Ya Fente Ɗakin Shiru

Kunnuwa huɗu ake alfahari da su a cibiyarmu ta binciken sadarwa da ke Ibadan. Biyu na roba ne, daga Turai aka kawo su cikin akwati, kowanne da takardar shaidarsa. Sauran biyun na Oga Ayandele ne, shugaban sashen gyare-gyare, su kuwa ba su da wani mai shaida sai mai su.

Na robar suna jikin wani mutum-mutumi, kai da ƙirji kawai, ba hannu ba ƙafa. Baale muke ce masa, wato mai gari, don yana zaune ba ya tsinana komai kowa na yi masa hidima. A cikin kowane kunnensa akwai makirfo kamar ƙwayar gyaɗa, a bakinsa kuma lasifika. In aka kawo sabuwar wayar hannu sai mu ɗaura masa ita a kunne, ya yi magana, ya saurara, kwamfuta ta gaya mana ko wayar tana isar da murya yadda ya kamata, ko kuwa irin mai kurmantar da mutane ce. Ni ce Remilekun, shekarata tara ina riƙe da ma'aunin ƙara a wurin, ni nake goge wa Baale fuska kowace safiya.

Mazaunin Baale shi ne ɗakin shiru. Bango da rufi duk soso ne mai tsini-tsini launin toka, guda dubu da ɗari biyu, har ƙasa ma soso ne cikin rami, an shimfiɗa ragar ƙarfe a kai don a taka. Aikin soson ya shanye ƙara. In ka shiga aka rufe ƙofa ka yi tafi, a hannunka tafin zai mutu, ba ya zuwa ko'ina.

Shugabar sashenmu, Dokta Aduke, ita ta haifi ɗakin nan. Shekara goma sha ɗaya tana bin ofis-ofis da fayil a hammata kafin ya tsaya da ƙafarsa. Abu ɗaya ya rage: ranar Juma'a sufeto zai zo daga hukumar da ke ba da takardar amincewa ya auna ɗakin. In ya amince, wayoyin da ake kaiwa ƙasashen waje gwaji a wurinmu za a riƙa gwada su. In bai amince ba, hedikwata ta riga ta rubuto: a kwashe Baale zuwa Legas, a mai da ɗakin ma'ajiyar tsofaffin takardu.

Shi kuwa Oga Ayandele ɗan gidan makaɗa ne, kakansa kalangu yake yi wa sarakuna, don haka yake cewa kunne gadonsa ne. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce an taɓa tura shi kwas Jamus na kwana goma sha biyu, har yau bai gama dawowa ba. Yakan ce yana jin wutar lantarki tana shirin ɗaukewa tun tana tasha. Yakan ce in ya kara waya a kunne ya san ciwonta kafin Baale ya buɗe baki. Amma ka tsaya bayansa ka kira shi, sai ka yi sau uku.

Ranar Litinin aka kira Dokta taro Abuja, ba za ta dawo ba sai safiyar Juma'ar. Na ga a idonta ni take so ta miƙa wa makullan ɗakin. To amma Oga yana tsaye a wurin da furfurarsa, saura wata uku ya yi ritaya, a wurinmu kuwa ba a tsallake kan dattijo a miƙa makulli ga yarinyar da ya isa ya haife ta. Ta ba shi hannu bibbiyu. Sau uku ta ce kada a taɓa komai, a share baranda kawai. Ya ce ya ji, ya kama kunnensa ya nuna mata.

Motarta ba ta gama fita get ba ya buɗe ɗakin. Ya goya hannu a baya, ya dubi bango, ya dubi rufi, ya girgiza kai.

"Wannan ai gidan makoki ne," in ji shi. "Baƙo zai zo tun daga Legas, mu tarye shi da toka?"

Kowa ya san al'adar cibiyarmu. In babban baƙo zai zo, duk abin da ba ya motsi sai an fente shi: duwatsun bakin hanya, gindin itatuwa, tayar mota da aka dasa fulawa a ciki. Akwai shekarar da aka fente kunkurun mai gadi yana barci. Don haka da Oga ya aika a kira Rasaki mai fenti, ba wanda ya ga wani abu a ciki sai ni.

Ƙarami ba ya ce wa babba ya yi kuskure, sai dai ya kewaya. Na durƙusa na ce wataƙila ni ce ban karanta daidai ba, amma kamar littafin ɗakin ya ce ta 'yan ƙofofinsa soso yake shan ƙara, in aka toshe su sai ya zama bango.

"Remi, Remi," ya ce yana dariya. "Ranar da na sauka Jamus kina ina?"

"Ina goye, Baba."

"To koma ki kwanta."

Na kira Dokta sau bakwai, wayarta a kashe, irin taron nan ne da ake karɓe wayoyi a bakin ƙofa. Kafin ta kira ni da yamma Rasaki ya gama bango biyu da fentin mai, kore da ruwan madara, launin cibiya. Ta tambaye ni ya ɗaki. Na ce Oga yana ta ƙoƙari. Ta ce madalla. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

Soson ya sha fenti kamar raƙumi ya samu rijiya. Bokiti huɗu Rasaki ya ce za su isa, sai da aka ƙare goma sha ɗaya. Ranar Talata da hantsi aka buɗe ƙofa, ɗaki yana ta walƙiya, wari kuwa har ofishin darakta. Oga ya tara masinja da direbobi da 'yan share-share su ga aiki. Ya tsaya tsakiyar raga ya ce wa ɗakin sannu da hutawa, ɗakin ya mayar masa da gaisuwarsa.

"Kun ji?" ya ce. "Shekara nawa ɗakin nan bai taɓa amsa gaisuwa ba. Yau ya koyi ladabi."

Direbobi suka yi tafi, ɗakin ya taya su.

Da suka watse na kunna lasifikar bakin Baale, na ɗauko ma'auni na nuna wa Oga lamba. Ya ƙwanƙwasa ma'aunin da farce, ya ce batir ne. Na sake batir. Ya ce zafi ne. Na ɗauko ɗan bututun da muke gwada ma'aunin da shi, mai fitar da ƙara guda ɗaya da ba ta taɓa canzawa, na kafa masa, lamba ta fito daidai ba ƙari ba ragi. Ya ce bututun ma yana bukatar zuwa kwas. Yana cikin faɗar haka wani tsinin soso da fenti ya yi wa nauyi ya saki rufi, ya faɗo masa a tsakiyar sanƙo, ya bar masa koren tambari.

Da rana ya tafi cin amala wurin Iya Sikira, mai rumfa a bakin get. Ita kaɗai ce sa'arsa a duk wurin, don haka ita kaɗai take gaya masa magana ba ta durƙusa ba.

"Ayandele, sarauta aka yi maka ne aka shafa maka kore a ka?"

"Aikin ilimi ne, ba ki san shi ba. Zuba miyar ewedu."

"An ce ka koya wa ɗakin Dokta magana."

"Na farfaɗo da shi."

"Ni dai jahila ce. Amma na ga kuɗin da aka kashe don ya yi shiru ne, in magana ake so ai da kai aka zaunar a ciki kyauta."

Ya ci amalarsa ya tashi ba gardama, abin da ban taɓa gani ba. Na ɗauka ya gane. Ashe dabara yake ƙullawa.

Safiyar Laraba ya kira ni ya ce ya tuna, a Jamus ninki biyu ake yi: fenti a ciki don kyau, laushi a waje don shan ƙara, kuma da ma shirinsa ke nan tun farko, yana jira ne ya ga ko zan gane. Nan da nan ya bi gidajen ma'aikata ƙofa-ƙofa yana aron katifa. Matan gida suka fito suna tambayar juna ko gobara aka yi. Wata ta ce ta ba da tata amma a dawo mata da ita kafin mijinta ya dawo daga aiki, wata ta ce in gwamnati ce take so ta kawo takarda. Duk da haka ya tara katifa goma sha tara, da labulen ɗakin taro, da kiret ɗin ƙwai fanko sama da ɗari daga masu shayin bakin titi. Rasaki, wanda ya koma kafinta a ranar, ya bi su da ƙusa yana kafawa a kan fentin.

Gaskiya amsa kuwwar ta ragu kaɗan. Oga ya karɓi ma'aunin daga hannuna, ya riƙe shi a juye, ya ce ga shi nan lamba ba ta ƙarya. Muka rufe ƙofa mu ji shirun. Sai ga wani siririn kuka, tsirit, tsirit.

Gyare ne. Ya biyo ɗaya daga cikin katifun.

Oga ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya, yau za mu ga abin da ake kira gado. Ya rufe ido, ya karkata kai, ya yi taku uku, ya nuna wata katifa mai fulawa ya ce ga shi nan. Rasaki ya farke ta da wuƙa, ba komai sai auduga. Ya ce gyaren ya ji takunsa ya gudu. Ya sake rufe ido ya nuna ta bangon gabas. Aka farke. Sai da aka yi wa katifa uku fiɗa irin ta mahauta, gyare yana ta waƙarsa.

Na zame na duba kwamfuta. Baale yana da kunne biyu, kuma ba ya alfahari, cikin minti ɗaya ya nuna kukan daga ƙasa yake fitowa, cikin ramin da ke ƙarƙashin raga. Na gaya wa Oga a hankali. Ya ce abin da yake ta nunawa ke nan, Rasaki ne ba ya bin yatsa.

Rasaki ya ce a fesa maganin ƙwari. Oga ya ce a'a, in warin magani ya haɗu da na fenti sufeto zai faɗi a ɗora mana laifin kisa. Ya ce Turawa ma sun daina magani, halitta ake turawa ta ci halitta. Ya nufi rumfar Iya Sikira, inda wata kaza mai tsiraicin wuya take kiwo a ƙarƙashin benci.

"Aron kazarki nake so na minti goma."

"Za ta yi jarrabawa ne?"

"Aikin gwamnati za ta yi."

"To ka sani ƙwai take yi kullum. In ta yi a can nawa ne, ba na gwamnati ba."

A kusurwar raga akwai wata 'yar ƙofa da muke buɗewa in za a share ramin. Ta nan ya zura kazar. Muka ji ɗan kokawa, sai gyare ya yi shiru. Oga ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana jiran yabo, muka ba shi. Sai aka zo fito da kaza. Ta samu duhu, ta samu laushi, ta samu sanyi, wace ce za ta koma ƙarƙashin benci? Aka watsa mata masara, aka kira ta da sunayen da suka dace da waɗanda ba su dace ba. Rasaki ya zura hannu ta sare shi. Oga ya ce a ƙyale ta, ƙishirwa za ta fito da ita kafin gobe, a bar 'yar ƙofar a buɗe.

Ranar Alhamis ba ta fito ba, kuma ba wanda ya ji motsinta, sai Oga ya yanke hukunci cewa ta fita da kanta ta koma gida. Iya Sikira ta ce ba ta gan ta ba. Ya ce to ta bi zakara, wannan kuma tarbiyyar gidanku ce.

Ranar ce aka kawo anko. Mu ba ma taryar babban baƙo kowa da kayansa, sai an yanko yadi ɗaya kowa ya ɗinka. Oga ya ƙirga ma'aikata ashirin da shida, ya yanko na ashirin da bakwai. Ya ce ba zai yiwu mai gari ya zauna tsirara talakawansa suna cikin ado ba. Tela ya ɗinka wa Baale agbada, babbar rigarmu ta maza, mai aiki a wuya, da hular nan mai leɓatu biyu da muke kira kunnen kare. Oga da kansa ya sa masa, ya sauke leɓatun suka rufe kunnuwan ruf. Ya ja baya ya ce yanzu ya ga mutum.

Sai ya ɗaga leɓe ɗaya ya leƙa cikin kunnen, ya ce kamar akwai datti. Ya zaro gashin kaza daga aljihu, irin wanda tsofaffi suke sosa kunne da shi, ya lashi bakinsa. Fatar makirfon nan ta fi ɓawon albasa laushi, iska ma ba a hura mata. Ban san lokacin da na faɗi ƙasa na rungume ƙafarsa ba.

"Baba, ku yi mini duk abin da kuka ga dama, ku kore ni ma. Amma in gashin nan ya shiga kunnen nan, sai dai ku bi ta kaina."

Ina kuka sosai, ba na wasa ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya mayar da gashin aljihu. Ya ce wa Rasaki gwada ni yake yi, kuma na ci, a Jamus haka ake gane ma'aikacin kirki.

Safiyar Juma'a ya kawo 'yan'uwansa makaɗa biyar ya jera su a baranda, ya ce musu da zarar sun ga ƙofar ɗakin shiru ta buɗe bayan gwaji, su saki kiɗa har a ji a Legas. Ni kuwa ina bakin get tun bakwai, niyyata in tare Dokta in gaya mata komai kafin sufeto ya iso, ko da sa'a guda ce ta samu. Ƙarfe tara motar cibiya ta shigo. Dokta ta fito ta dama, wani ɗan gajeren mutum da baƙar jaka ya fito ta hagu. Ashe a filin jirgi suka haɗu ta rage masa hanya. Shi ne sufeton, Injiniya Ekanem, mutumin Kalaba, mai magana kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma.

Oga ya shige gaba cikin agbadarsa da ta sha sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Ya buɗe ƙofar ɗakin da hannu biyu. Dokta ta sa ƙafa ɗaya a kan raga ta tsaya. Ta dubi katifu, ta dubi kiret ɗin ƙwai, ta dubi koren da yake leƙowa ta tsakaninsu, ta dubi Baale cikin hula. Sannan ta dube ni. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Oga kuwa jawabi ya kama. Ya ce wannan sabon tsari ne da ya haɗa ilimin Jamus da hikimar gida, kuma a shirye yake ya koya wa hukuma kyauta. Injiniya Ekanem ya ɗaga leɓen hular Baale da bakin biro ya tambayi dalilinta. Oga ya ce sanyin ɗakin yana sa masa ciwon kunne. Sufeto ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya ɗaga gefen wata katifa ya karce soson da farce, farcen ya zame. Ya rubuta. Ya yi tafi ɗaya, rufin da katifa ba ta kai ba ya mayar masa. Ya rubuta wannan ma.

Duk da haka ya ce aiki aiki ne, sai ya auna. Ya cire wa Baale hula ya miƙa mini, ya kafa nasa ma'aunin, ya ce a rufe ƙofa, yana son shiru na minti biyu. Mu huɗu muka rage a ciki: shi, da Dokta, da Oga, da ni.

Ban taɓa sanin minti biyu yana da tsawo haka ba. Duk numfashin da Oga ya ja, agbadarsa sai ta yi ƙaras, lambar ma'auni ta yi tsalle. Sufeto ya dube shi. Oga ya riƙe numfashi, idonsa ya firfito. Lamba ta fara sauka, ta sauka, har na ga kafaɗar Dokta ta ɗan saki.

A daidai nan kazar Iya Sikira ta yi ƙwai a ƙarƙashin ƙafafunmu, ta kuma sanar da duniya.

Kun san kaza in ta yi ƙwai. To ku ƙara mata rami mai fentin mai. Sai ka ce kaji goma ake yankawa. Injiniya Ekanem ya dubi raga, ya dubi Oga.

"Mene ne wannan?"

"Eriyar kamfanin waya ce ta bayan katanga," in ji Oga. "Tana shigowa lokaci-lokaci. Ni na daɗe ina jinta, na'ura ce ba ta kama ta ba sai yau."

Eriyar ta leƙo da kai ta 'yar ƙofar kusurwa, da ɓurɓushin soso a tsiraicin wuyanta. Ta yi fiffike ta haye kan Baale ta ci gaba da shela. Oga ya kai mata cafka, ta goce, raga ta yi lilo da shi, ya kama katifar da ke kusa don kada ya faɗi. Ƙusar da aka kafa a soso me za ta riƙe? Katifar ta taho, ta jawo ta kusa da ita, ita ma ta jawo labule, labule ya kwaso kiret ɗin ƙwai. Bangon gabas gaba ɗaya ya sauko mana a ka. Ni na rungume Baale, Dokta ta rungume ma'aunin baƙo, baƙo kuwa ya ɓace a ƙarƙashin katifa mai fulawa, sai takalmansa.

Na rarrafa na tura ƙofa don mu sami iska. Makaɗa suka ga ƙofa ta buɗe, suka saki kiɗa. Ma'aikata ashirin da wani abu cikin anko suka ɗauki guɗa da tafi, mata suka fara taka rawa suna matsowa. Kaza ce ta fara fitowa. Bayanta sufeto, da auduga a gashinsa. Bayansa Oga, kiret ɗin ƙwai ya maƙale a wuyan agbadarsa. Kalangu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe na ƙanen Oga ne, wanda idonsa yake rufe don daɗin kiɗa, sai da aka taɓa shi.

Iya Sikira ta ratso taron ta ɗauki kazarta ta duba ta sama da ƙasa.

"Kwana biyu, ƙwai biyu," ta ce. "Ayandele, shiga ka ɗauko mini."

Injiniya Ekanem ya zauna a baranda ya kakkaɓe kansa ya gama rubutunsa. Ya ce na'urorinmu lafiyarsu ƙalau, kunnuwan Baale ma bai ga masu tsabtarsu ba a bana. Ɗaki kuwa ya faɗi. Ya ce doka ta ba shi dama ya dawo sau ɗaya, bayan kwana casa'in, kafin ya aika rahoto, kuma daga wannan babu wata. Ko ruwa bai sha ba ya tafi.

Dokta ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mana sauƙi. Ta je ta zauna a bencin Iya Sikira da jakar tafiyarta a cinya, hawaye yana zuba ba ta share ba. Duk muka tsaya nesa-nesa cikin ankonmu kamar waɗanda aka kora daga biki.

Sai ga Oga ya taho. Muka ɗauka wani bayanin Jamus ya kawo. Ya zo gabanta ya cire hula, ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ƙirji da haɓa cikin turɓaya, yadda yaro yake yi wa ubansa a al'adarmu. Mutumin da ya girme ta da shekara goma sha biyar. Dokta ta zabura ta zube a kan gwiwa, don abin kunya ne a gare ta dattijo ya kwanta mata. Ta ce ya tashi, ya ce sai ta yafe. Ta ce ba za ta tashi ba sai ya tashi, ya ce shi ma haka. Suka yi ta yi har Iya Sikira ta ce su matsa mata daga hanyar masu sayen abinci.

"Baba, ku tashi," in ji Dokta daga ƙarshe. "Gobe ƙarfe bakwai ku zo da wuƙar yanka burodi. Guda dubu da ɗari biyu ne, ɗaya-ɗaya za a aske su."

Sai da direbobi biyu suka ɗaga shi, don bayansa ya riƙe.

Haka ya ƙare wata ukunsa na ƙarshe a aikin gwamnati, a kan ɗan benci a bayan ɗakin, da soso a tsakanin gwiwoyi, yana aske fenti siriri-siriri. Ni ina aunawa, Dokta tana mannawa, waɗanda suka lalace muka yanko sababbi. Yatsunsa duk suka yi kanta. Asabar ma zuwa yake yi. Labarin Jamus bai daina ba, kada in yi masa ƙarya, amma ya rage masa tsawo.

Ranar da Injiniya Ekanem ya dawo, Oga ya riga ya yi ritaya da kwana huɗu. Dokta ta aika masa ya zo, ya ƙi shigowa, ya zauna a rumfar Iya Sikira tun safe ya ce shi amala ya zo ci. Awa uku sufeto yana aunawa, kusurwa-kusurwa, har da rarrafe. Da ya gama ya rufe jakarsa, ya sa hannu a takarda, ya ce wa Dokta a wannan karon zai sha ruwa.

Da gudu na fita, ɗankwalina a hannu. Iya Sikira ta ajiye masa amala ke nan ta juya ɗauko miya.

"Baba, mun ci. Ya sa hannu."

Na tsaya ina jiran in ji yadda shi ne ya yi komai. Ya dubi yatsunsa, ya sunkuyar da kai a kan kwano, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya jawo hannun rigarsa ya goge fuska, ya sake gogewa.

"Sikira," ya ce da wata irin murya, "barkonon nan naki ya yi yawa yau."

Tana tsaye da ludayi a hannu, ko ɗigon miya bai taɓa kwanon ba tukuna. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ya yi yawa," ta ce. "Hannuna ne ya zarce."